Shayin da Ustaz Bai Sha Ba

Har yau ba na ƙaunar mutumin nan, kuma ban ga ranar da zan fara ba. Ustaz muke ce masa. Shi ne babba a gidan da muke haya a unguwar Faisal, can saman wani dogon bene marar lifta. Ya riga mu zuwa Masar da shekaru, shi ya san mai gidan, shi ke magana da bawwab, wato mai gadin benen, shi ke raba wa sababbin zuwa wurin kwana. Dogo ne siriri, gemunsa kullum a gyare, yana da wata murya mai laushi da yake ajiyewa don ranar da zai cuce ka. In ka ji ya ce maka "ɗan'uwa", to ka waiwaya ka duba bayanka.

Dukanmu ɗalibai ne 'yan Arewa, karatun addini ya kawo mu Alƙahira. Ranar Juma'a babu makaranta. In mun sauko daga masallaci sai mu ci abinci a faranti ɗaya, sannan a jingina kwamfuta a kan tebur a kunna fim. Ni ne mai fassara. Fina-finan suna zuwa da rubutun Larabci yana gudu a ƙasan allo, yawancin 'yan gidan kuwa sababbi ne, Larabcinsu bai wuce na sayen burodi da tsayar da maikrobas, 'yar bas ɗin haya, ba. Sai in zauna gaba ina karantawa ina juyawa Hausa da ƙarfi, irin yadda muka saba ji a gida a fina-finan Indiya. Sai dai masu fassarar gida kowa ya san halinsu, rabin abin da suke faɗa daga aljihunsu suke zarowa. Ni ba na ƙara gishiri, abin da aka rubuta shi nake faɗa. Ustaz ya fi ni Larabci, wannan ba zan hana shi ba, amma idonsa ba ya hango rubutu daga nesa. Can baya yake zama da littafi buɗe a cinya, wai shi ba kallo yake ba. Ban taɓa ganin ya juya shafi ba.

Fina-finan na Japan ne, wani ɗan Masar mai gyaran waya a bakin titi ya zuba min su a filasha. Duk na ramuwa ne, amma ba irin ramuwar da muka sani ba. Babu ihu, babu cin kwala, ba ka jin ana cewa wallahi sai na ga bayanka. Za a cuci mutum cuta mai ciwo, sai ya sunkuya ya gaishe da wanda ya cuce shi, ya tafi gida ya cire takalmi ya jera su a bakin ƙofa, ya zauna yana kallon bango. Shekaru su wuce. Kai da kake kallo ka san wani abu na tafe, amma ba ka san ta ina zai ɓullo ba. 'Yan gidanmu kasa jurewa suke yi.

"Kai, ka mare shi mana!" in ji ɗaya.

"Wannan ba namiji ba ne. Yalla, a wuce wurin nan, sun yi shiru da yawa."

Ni kuwa shirun nan shi nake so. Ina sha'awar mutumin da ba ya nuna wa maƙiyinsa inda ya ji ciwo, ban kuma taɓa ɓoye hakan ba. A gaban kowa nake faɗa, Ustaz yana baya yana ji.

A shekarar ne na fara neman aure. Yarinyar 'yar wani dattijo ce tela, Bahaushen Sudan, wanda kakanninsa suka bar ƙasar Hausa da ƙafa za su Makka suka zauna a hanya. Yaƙi ya koro shi da iyalinsa zuwa Alƙahira, ya buɗe ɗan shago a wani lungu kusa da mu. Na kai masa jallabiya ya rage min tsawo, na tarar da ita tana lissafa masa laifuffukan wani direban maikrobas cikin Hausa mai gauraye da Larabcin Sudan. Tana aiki a wani asibitin haƙori a unguwar Mohandessin, ita ke karɓar marasa lafiya a bakin ƙofa. Daga ranar jallabiyoyina suka fara samun matsala ɗaya bayan ɗaya. Ina son ta so mai tsanani, ita ma ba ta ɓoye min nata ba. Baba, haka nake kiran mahaifinta, ya karɓe ni hannu biyu. Abu ɗaya ya rage, bincike. Iyayena suna Najeriya, ba ni da kawu ko yaya a Masar, don haka ya ce zai tambayi wanda nake kwana nake tashi da shi. Ya aika aka kira masa Ustaz.

Ustaz ya dawo yana murmushi, ya dafa kafaɗata.

"Ɗan'uwa, khalas, an gama. Na faɗi abin da ya dace a kanka."

Na yi masa godiya har da riƙe hannunsa da hannuwana biyu. Duk lokacin da na tuna wannan godiyar sai in ji haushin kaina.

Daga nan Baba ya sauya. In na je shago ya amsa sallama kansa a kan keken ɗinki, ba ya ɗagowa. Da na yi ƙarfin hali na tambaye shi ina aka kwana, sai ya ce, "Mu dakata tukuna, ya waladi," wato ɗana. Ita ma yarinyar bai gaya mata dalili ba. Na zargi mutane da yawa. Na zargi wani ɗan Sudan da ke yawan zuwa shagon, na zargi maƙwabta, har mai gyaran waya sai da na yi masa kallon banza. Ustaz kaɗai ban zarga ba, tun da ai ya faɗi abin da ya dace.

Wata Juma'a cikin zafi, fanka na juya iska mai ɗumi, muka kunna wani sabon fim. Labarin wani ma'aikacin ofis ne da abokin aikinsa ya kai sukarsa wurin manya a ɓoye, aka kore shi, gidansa ya watse. Bayan shekaru sai ya kama hayar gidan da ke kallon na mai sukar. Kullum da safe ya sunkuya ya gaishe shi. Ya share masa ƙofar gida, ya kawo masa 'ya'yan itace a naɗe cikin takarda mai kyau. Bai taɓa ɗaga masa murya ba. Mai sukar ya daina barci, ya daina cin abin da bai dafa da hannunsa ba, ya fara jin motsi inda babu kowa. Can wajen tsakiyar fim suka zauna su biyu a ƙasa, ɗan ƙaramin tebur a tsakaninsu. Wanda aka cuta ya zuba shayi, ya tura kofin da hannu biyu. Rubutu ya fito, na karanta kamar yadda na saba:

"Na san abin da ka gaya musu a kaina. Na daɗe da sani. Sha shayinka kada ya huce."

Sai na ji littafi ya faɗi a bayana.

"Da ni kake?"

Na waiwaya. Ustaz ne a tsaye.

"Na'am, Ustaz?"

"Na ce da ni kake? In kana da magana ka fuskance ni, ka daina laɓewa bayan Japanawa kana min habaici. Tun da aka fara fim ɗin nan nake jin ka. Ofis, suka, a ɓoye. Ka ɗauka ni yaro ne?"

Mu mutanen Arewa da kunnen habaici aka haife mu. Mace za ta yi wa kaza faɗa a tsakar gida, maƙwabciya ta san da ita ake. Ga shi kuma ya taso yana jin masu fassara suna cusa nasu zancen a bakin jarumai. Ko kusa bai kawo a ransa cewa akwai mai fassarar da ke faɗin abin da ke rubuce kawai ba. Wani daga cikin 'yan gidan ya mayar da fim ɗin baya, ya tsayar da shi daidai wurin, ya ɗauki kwamfutar ya kai masa har gaban hanci. Ustaz ya karanta. Na ga idonsa ya bi layin, ya koma farko ya sake bi.

Na ce, "Me ka gaya wa Baba?"

Da mai kunya ne da ya nemi gafara a nan. Amma Ustaz sai ya gyara tsayuwa, ya ɗauko muryar nan tasa mai laushi.

"Amana aka ba ni, ɗan'uwa. Wanda aka tambaya game da mai neman aure wajibi ne ya faɗi abin da ya sani. Na ce kana sallah, kana karatu, ba ka shaye-shaye. Na kuma ce kana da riƙo. In aka ɓata maka ba ka mantawa, kuma ka ga irin abin da kake kallo kana yabawa. Mutum zai ba ka 'yarsa, ai ya kamata ya sani."

Hujjarsa wai lokacin da ya ɗauke min fanka daga ɗaki ya ba baƙonsa ba tare da ya tambaye ni ba, na yi kwanaki ba na shiga hirarsa. Fankata ce, cikin zafin Alƙahira, kuma har yau bai ce min ma'alish, wato yi haƙuri, ba. In amana ce ta dame shi, me ya hana shi gaya min da ya dawo? Ya dafa ni ya karɓi godiyata. Munafuki ne, kuma kalmar ba ta yi masa yawa ba.

Hannuna har ƙaiƙayi yake. 'Yan gidan da kullum ke ihun a mari mutum a fim, ranar su suka shiga tsakani tun kafin in motsa. Na sauka ƙasa na tsaya kusa da mai sayar da ful, dafaffen waken Masar, na kira yarinyar a waya na kwashe komai na gaya mata. Sai ta ce:

"Ka saurare ni da kyau. Baba ya ga abin da riƙo ya yi wa mutane a garinmu, maƙwabci ya nuna gidan maƙwabci. Ba abin da yake tsoro kamar shi. In ka taɓa mutumin nan, ko ka daina gaishe shi, ka tabbatar da maganarsa, ni kuma ka rasa ni. Tamam?"

Na ce tamam, na yarda. Ustaz ya ɗaure ni ta ko'ina. In na yi faɗa, mai riƙo ne. In na yi gaba da shi, mai riƙo ne. In na tattara kayana na bar gidan, shi ke nan, an ga shaida. Ƙofa ɗaya ya bar min, ita ma don bai san da ita ba.

Washegari bayan asuba na dafa shayi da na'ana'a, irin yadda yake so, sukari da yawa. Na ƙwanƙwasa masa ƙofa, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kofin a gabansa da hannu biyu.

"Ustaz, a sha kada ya huce."

Ya dube ni, ya dubi kofin. Da na dawo ɗauka na tarar da shi yadda na ajiye shi.

Haka na ci gaba. Na jera masa takalma a bakin ƙofa. In ya yi wanki na kwashe masa daga baranda na ninke. In mun zauna cin abinci na tura masa nama gabansa. In zai fita na tambaye shi ina za shi da yaushe zai dawo, cikin ladabi, don in ajiye masa abinci. Wallahi ban taɓa sa komai a shayin nan ba sai ganye da sukari da na'ana'a. Ban taɓa yi masa baƙar magana ba, ko da ido. Amma Ustaz ya kalli fina-finan nan duka daga bayan littafinsa, ya san yadda suke ƙarewa. Ya fara kulle ɗakinsa da rana tsaka. Ya daina ci a farantinmu, ya koma sayen ta'amiyya, ƙosan Masar, a titi yana ci a tsaye. Naman da na tura masa sai ya tura wa na kusa da shi da gefen cokali. Wata rana na shigo kicin na tarar yana sunsunar butar shayi, da ya gan ni ya ce wai yana duba ko ta yi tsatsa. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi nake ji. 'Yan gida kuwa suka daina neman a kunna fim ranar Juma'a, mu suke kallo.

Yarinyar kuma ba ta zauna ba. Ta dami mahaifinta da cewa bai kamata ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya ba, ya je ya gani da idonsa. Wata rana bayan la'asar sai ga bawwab ya rako Baba har sama, yana haki, da ledar dabino a hannu. Bai sanar da kowa zai zo ba. Muka shimfiɗa masa darduma a falo, Ustaz ya fito ya zauna kusa da shi a matsayinsa na babban gida. Baba ya buɗe dabinon, aka ci, Ustaz ma ya ci. Ni na shiga kicin na haɗo shayi. Na ba Baba nasa, na juya na durƙusa gaban Ustaz na miƙa masa da hannu biyu, kamar kullum.

Bai karɓa ba. Na ajiye a gabansa.

Baba ya kurɓi nasa ya ce shayin ya yi. Aka taɓa hirar karatu, aka taɓa ta zafi. Idon dattijon yana komawa kan kofin da ba a taɓa ba.

"Ustaz, shayinka."

"Na gode, Baba. Azumi nake..." Sai ya ga ƙwallayen dabino a gabansa. "Wato cikina ne ba ya min daɗi."

A wurinmu, da Hausawan gida da na Sudan, ƙin abin da mutum ya miƙo maka da hannunsa ba ƙaramar magana ba ce. Kamar ka ce masa ka san ya zuba maka wani abu ne. Baba ya tambayi 'yan gidan ko yau ne kawai. Suka dubi juna, ɗaya ya ce a'a, kullum nake kai masa, kullum nake dawowa da shi ba a taɓa ba. Dattijon ya miƙa hannu ya ɗauki kofin Ustaz, ya yi bismillah, ya shanye tas yana kallonsa, ya ajiye.

"Ya zol," in ji shi, yadda 'yan Sudan ke kiran mutum, "ka ce min yaron nan yana da riƙo. Ka ɓata masa aure, ya sani, yana durƙusa maka da shayi. Kai kuma ka ƙi sha. To a cikinku wane ne mai riƙon?"

Ustaz ya buɗe baki. Na ga yana son ya yi bayani, amma me zai ce? Ya ce wa dattijon da ya tsere wa yaƙi wai a wani fim ɗin Japan haka aka fara? Shi da ba ya kallon fim? Ya rufe bakinsa. Ni kuwa kaina na ƙasa, ina tattara kofuna.

Baba ya ba ni ita. Sai dai ya kafa sharaɗin da ban so ba. Tun da ba ni da dangi a Masar, Ustaz ne zai zama wakilina ranar ɗaurin aure, don a wanke zukata. Haka aka yi a wani ƙaramin masallaci a unguwarmu. Bakin da ya soke ni shi ya ce ya karɓa min. Yana cikin hoton da ke rataye a falonmu, tsaye a damana, yana murmushin wanda haƙori ke yi wa ciwo. Matata ta hana ni yanke shi.

Mun kama gida ba nisa da tsohon gidan. Ustaz yana nan, karatunsa ya ƙi ƙarewa. Kowace Sallah sai na sa an dafa abinci mai kyau, na zuba a kwano mai murfi, na hau benen nan da kaina na kai masa, na durƙusa na gaishe shi. Bawwab ya gaya min shi da 'ya'yansa ke cinyewa, har yana tambaya ko za a ƙara yaji. Ban daina ba. Ban yafe ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi kamar na yafe a nan ba.

Matata ta san komai, tun da ita ta ce kada in taɓa shi, ban kuma taɓa shi ba. Da farko dariya take yi in ta ga ina ɗaure kwanon. Daga baya ta daina. Fina-finan ma ta ce in kalla ni kaɗai.

Kwanakin baya muka yi saɓani da ita, irin na miji da mata, a kan zuwa gidan wata ƙawarta. Ta faɗa min magana mai zafi, na yi shiru na fita. Ina tafe a titi zuciyata ta huce, na ga abin bai kai ya kawo ba. Na dawo na tarar da ita a falo ta juya wa ƙofa baya. Na shiga kicin na dafa mata shayi da citta yadda take so. Allah ya sani da zuciya ɗaya na dafa shi, so nake mu shirya. Na kawo na miƙa mata, ban ma lura da hannu biyu na riƙe kofin ba.

Ta dube ni, ta dubi kofin, ba ta miƙo hannu ba.

"Wannan nawa ne," in ji ta, "ko irin na Ustaz ne?"

Na rantse mata. Ta karɓa, ta ce ta gode, ta ajiye shi a kan tebur ƙarƙashin hoton nan. Ina zaune ina kallo har tururin ya daina tashi. Na ɗaga kai, ga Ustaz a damana yana murmushi. Wannan ma shi ya ja min, kuma na ƙara a kan na baya.